Yadda na sa ma kod ɗin ɗalibaina launi a cgit, nan Yamai

Mu dai a ɗan santir ɗin da nike koyar da porogaramasiyon da marece nan Yantala ba mu da intanet tsayayye, forfe ne na waya, in akwai akwai in babu a yi haƙuri. Shi ya sa na ɗauko wata tsohuwar ordinatar ta biro mai RAM giga 2, na zuba mata Debian na maida ta sarba, kowane ɗalibi na da depo nashi na Git a kanta, wato ma'ajiyar kod ɗinshi mai riƙe tarihin duk wani sauyi, ya yi komit ya turo ta wifi ɗin ɗaki ba tare da ya kashe ko dala ba. Don su riƙa duba aikin juna ta nabigatar, har da wayoyinsu, sai na ɗora cgit bisa, ɗan porogaram ne mai nuna kod ɗin da ke cikin depo a shafin web. Na so GitLab amma wannan shina son RAM giga da yawa, injin namu ba ta ko tashi da shi, shi kuwa cgit da C anka rubuta shi, Lars Hjemli ya fara shi, yanzu Jason Donenfeld mai WireGuard ke riƙe da shi, kuma shi ne git.kernel.org ke aiki da shi wurin nuna kod ɗin Linux baki ɗaya. To abin da ya ɗauki kayan Linux ai ba ya gaza ɗaukar na yara ashirin da ɗoriya.

Matsala guda ce, in ka buɗe fishiye a cgit yadda ya zo, baƙin rubutu ne bisa fari tun daga sama har ƙasa, lambar layi a gefe, shi ke nan. Wanda ya daɗe cikin harka zai lallaɓa ya karanta, amma yaron da watanni kaɗan kenan da ya san mi ake nufi da bariyabul, in ka ce mashi buɗe aikin abokinka ka gaya mani mi yake yi, sai ka ga ya sauke shafi ya hau ya sauke, idonshi bai tsaya ko'ina ba, komanter da kod da rubutun cikin giyme duk sun cakuɗe mashi. Ni kuwa abin da ya fi damuna kenan, don rubuta kod kowa na koyo, karanta na wani ne ba su so, kuma ranar da sunka shiga aiki rabin yininsu karatun kod ɗin wasu ne. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu na malaman ƙasar nan ya san abin da nike nufi, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗorawa, ba don ado anka yi ba, don idon mai karatu ya rarrabe tun kafin bakinshi ya kai wurin. Abin da nike nema ma yaran nan kenan.

Da farko sai da na zaɓi inda za a yi fentin. Akwai hanyar JavaScript, irin su highlight.js da Prism, wayar mai dubawa ce ke yin aikin bayan shafi ya sauko. Akwai kuma hanyar sarba, ita ta yanka kod ɗin ta naɗe kowace kalma cikin HTML ta aiko shi a shirye. Wayoyin ɗalibaina mafi yawa ƙanana ne, wasu gilashin ma a fashe, batir na kukan zafi a watan Afrilu, ban ga dalilin ɗora masu kaya ba. Sai na tsaya kan sarba, dama cgit ya taho da ƙofar hakan.

Da dare lokacin da koneksiyon ta ɗan saki na haɗa wayata da injin na sauko da python3-pygments da highlight gaba ɗaya, porogaram biyu masu sa ma kod launi, don in gwada duka biyun. A Debian in ka leƙa /usr/lib/cgit/filters/ za ka tarar da ƴan fishiye a ajiye, cikinsu akwai syntax-highlighting.py mai aiki da Pygments, da syntax-highlighting.sh mai kiran highlight na André Simon, wanda gitweb ma shi yake kira in an kunna mashi launi. Yadda abin ke tafiya ba wuya, cgit na ɗauko abin da ke cikin fishiye ya zuba ma filtir, wato ɗaya daga cikin ƴan fishiyen nan, ya ba shi sunan fishiyen, duk abin da filtir ya maido sai ya manna shi cikin shafi yadda yake ba ƙari ba ragi. Saboda haka kafin ma in taɓa cgit na gwada shi da hannu a tarminal:

python3 syntax-highlighting.py gwaji.c < gwaji.c

Sai ga HTML na zuba, kowace kalma da ɗan span nata, k ga kalmomin yare irin su if da return, c1 ga komanter, s ga rubutun cikin giyme. Raina ya yi fari. Na buɗe /etc/cgitrc na ƙara layi guda a ƙasa:

source-filter=/usr/lib/cgit/filters/syntax-highlighting.py

Na sake loda shafi, babu komi, baƙi bisa fari kamar jiya. Ba saƙon kuskure, log ɗin nginx da fcgiwrap, masu miƙa shafin cgit ga nabigatar, duk shiru. Nan ne tarkon cgit yake kuma na tabbata ya kama mutane da yawa, shina karanta cgitrc daga sama zuwa ƙasa, da ya kai layin scan-path sai ya je ya tattaro depo duka ya ba su saitin da ya riga ya gani zuwa wurin, abin da ke ƙasa da scan-path bai shafe su ba. A rubuce yake cikin man cgitrc, jimla guda ce tsakiyar dogon bayani. Na ɗauke scan-path na kai shi can ƙarshen fishiye, na loda, sai ga launi ya watsu a ekran, kalmomin yare kore masu kauri, lambobi shuɗi, rubutun cikin giyme ja da ɗan hoda-hoda a bayanshi, komanter toka-toka. Sunan wanga salo pastie, shi ne filtir ɗin ke zuwa da shi.

Na gwada na highlight shi ma. Ya fi sauri ƙwarai tunda C++ ne. Duk da haka Pygments na zaɓa, dalili kuwa Python ne, yaren da nike koyarwa, in wani abu ya karkace zan iya buɗe ciki in gyara, har ma in nuna ma yara. Georg Brandl ya fitar da shi a 2006 kuma ya san yaruka ɗaruruwa, Chroma, mai fentin kod da dandalin Gitea ke aiki da shi, shi ma sawunshi ya bi.

Washegari da marece na jefa shafin a bango da bidiyo-projektar, nan na gane ekran ɗin ordinatar daban bango daban. Ɗakinmu na da taga babba gefen yamma, hasken la'asar na shigowa, komanter mai toka-toka ya ɓace ƙaf, na baya ma sun ɗauka layukan babu komi a ciki. Alhali komanter ne nike ta faɗa da su su riƙa rubutawa. Sai na kwafe filtir ɗin na kai /usr/local/lib/cgit/ na sa mashi chmod +x, don in ka gyara wanda ke /usr/lib ranar da apt ya sabunta kunshin zai shafe maka aikinka, sannan na ƙara ƴan layukan CSS, c da c1 da cm na maida su ruwan ƙasa mai duhu, na cire hodar da ke bayan rubutun giyme don a bango datti take zama.

Amfanin abin a wurin wata ɗaliba na fara ganinshi da idona. Tana yin ɗan shafin PHP na rajistar ƴan adashi na kartiye ɗinsu, shafin ya ƙi tashi, saƙon kuskure na nuna mata layin da ta duba ta sake dubawa ba ta ga komi ba. Ta yi komit ta turo don in duba mata, kafin in iso teburinta ta buɗe a wayarta, sai na ji ta ce, Mushe tsaya, na gani, ja ya malale tun daga nan har ƙasa. Na ce nuna mani ƙanwata. Ta sa yatsa kan layin:

echo 'Sannu jama'a';

Apostirof ɗin cikin jama'a ya rufe giyme tun ba a kai ƙarshe ba, na bayan a ya buɗe wani sabo, shi kuwa PHP na yarda rubutun giyme ya ƙetare layi, sai ya yi ta haɗiyar kod har ya tarar da wani apostirof can ƙasa, daga nan launi ya juye, kod ya koma ja, rubutu ya koma baƙi. Mu da ke rubuta Hausa da Faransanci wanga abu kullum ne, sana'a, ma'aikata, l'école, aujourd'hui, duk tarko ne. Ban ce mata komi ba ita ta maida giymen mai biyu ta turo, jan ya koma mazauninshi.

To amma aikin gaskiya ba fentin ba ne, sanin wane yare ne fishiyen, nan na fi daɗewa. Filtir ɗin na kiran wani abu guess_lexer_for_filename, ya dubi wutsiyar suna, in yaruka da yawa na da'awar wutsiya guda sai kowane ya leƙa cikin rubutun ya ba kanshi maki, mai rinjaye ya ɗauka. Ga .c da .py da .java lafiya lau. Amma .pl Perl na cewa tashi ce Prolog na cewa tashi ce, .m kuwa MATLAB da Octave da Objective-C duk sun yi layi. Muna da ƴan jami'a da ke ƙetaro gadar Kennedy daga Harobanda su zo wurinmu, ana ba su aikin Prolog, fishiyen layi biyar ko shida ne, ba isasshen abin da za a yi hasashe a kai, wani a dace wani a fenta shi da Perl. Kuma in leksa, wato ɓangaren Pygments mai yanka kod ɗin yare guda kalma-kalma, ya ci karo da harafin da bai gane ba, shina sa mashi tambarin err, jan rubutu bisa jan fili, sai yaro ya zo hankali tashe shina cewa Mushe sarba ta ce kod ɗina ba daidai ba, alhali kod ɗinshi garau yake, sarba ce ta ɗauke shi wani yare. Ni a ganina launin ƙarya ya fi rashin launi muni, don yaran sun yarda da abin da inji ya nuna masu fiye da yadda sunka yarda da kansu, kuma leksa ba kompilatar ba ne, bai san ko porogaram na tafiya ba, siffar kalmomi kaɗai yake bi.

Manyan dandali sun san wagga matsala, GitHub na da Linguist don gane yare kuma kana iya gyara mashi hasashe da linguist-language cikin .gitattributes, GitLab mai fenti da Rouge na da gitlab-language. Filtir ɗin cgit ba ruwanshi da wannan. Amma cgit na ba filtir sunan depo cikin CGIT_REPO_NAME, sai na kama nan, na ce ma yara duk depo na Prolog sunanshi ya fara da prolog, na lissafi ya fara da octave, cikin filtir na rubuta ɗan jadawali na kaina, in depo kaza ne kuma wutsiya kaza ce to ga yaren, ba hasashe. Abin da jadawalin bai sani ba a tambayi Pygments, abin da Pygments bai sani ba a bar shi baƙi bisa fari ta TextLexer, leksan da ba ya sa launi. Wannan na ƙarshe kar kowa ya yi wasa da shi, kar ka ce in ba a gane yare ba sai a fitar da fishiye da cat, tunda cgit na manna abin da ka ba shi yadda yake, yaro ya rubuta script cikin fishiye ya turo, nabigatar ɗin duk wanda ya buɗe sai ya gudanar da shi. TextLexer da HtmlFormatter su ke sauya alamomin < da > su zama rubutu kawai.

Jadawalin ya taimaka ta wani gefen da ban zata ba, sauri. Kowane danna fishiye sabon Python ne ke tashi, kuma guess_lexer_for_filename sai ya loda leksa duka kafin ya zaɓi guda, a tsohuwar injin nan kana jin jinkirin, in yara goma sunka danna lokaci guda fanka ta hau ihu. Da na koma kiran leksa da sunanshi kai tsaye nauyin ya ragu sosai. Sannan na kunna kash, cache-size=1000, shafin da anka riga anka fenta a ajiye shi a /var/cache/cgit, na biyu da ya zo a miƙa mashi a shirye. Sai dai duk sanda ka taɓa filtir ka share abin da ke cikin dosiyen nan, in ba haka ba tsohon launi za ka ta gani kana zaton gyaranka bai kama ba. Na kuma sa max-blob-size=512, wato iyakar girman fishiyen da cgit zai nuna, don akwai masu turo jquery da anka matse layi guda ko juyen baz ɗin done gaba ɗaya cikin .sql, babu mai karanta wannan, inji kawai zai wahala.

Sai maganar haruffa. Wasu fishiye a cgit é da è ɗinsu sun koma alamar tambaya cikin baƙin lu'u-lu'u. Filtir ɗin na karanta komi a matsayin UTF-8, abin da bai shiga ba ya musanya shi da wagga alama, su kuwa yaran da ke aiki da tsohuwar Windows a gida, Bloc-notes da Dev-C++ na ajiye masu da Windows-1252. Wannan na gyara cikin filtir, a gwada UTF-8 in ya ƙi a koma cp1252, Faransancin ya dawo daidai. Abin da ya ƙona mani rai shi ne namu, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ babu su sam cikin Windows-1252, tun wurin ajiyewa sunka mutu sunka zama alamar tambaya, kafin su kai Git ma, babu filtir ɗin da zai tada su. Nan sai bi inji-inji ana sauya saitin edita zuwa UTF-8, tsoffin fishiye a juya su da iconv, komanter na Hausa da sunka lalace mai shi ya sake rubutawa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi mani daɗi. Mu nan tsarin Faransanci munka gada, kafin yaro ya taɓa C ko Python sai ya yi algoritmik, Début, Fin, Si, Alors, Sinon, TantQue, Pour, Lire, Ecrire, da kibiya wurin zuba ƙima. Sabbin ɗalibai da waɗannan suke fara komit, muna sa masu wutsiyar .algo, kuma su ne sunka fi kowa buƙatar launi, ga shi su ne ke samun baƙi bisa fari. Sai na zauna na rubuta leksa namu. A Pygments abin ba ya da tsawo, ka gaji RegexLexer, ka jera ƙa'idoji cikin root, kowace ƙa'ida da siffar da take nema da irin tambarin da za ta manna, ana gwada su daga sama wadda ta fara dacewa ta ci. Saboda haka komanter da giyme su ke sama, don Si da ke cikin jimlar komanter kar ya yi kore, kalmomin yare a tsakiya, sunayen bariyabul a ƙasa. Na sa IGNORECASE tunda wani DEBUT yake rubutawa wani Début wani debut ba aksan, duka na karɓa. Wurin sunaye kuwa \w na sa maimakon a-z, don a Python 3 \w ya san haruffan Unicode, yaro ya sa ma bariyabul suna kuɗi ko ƙima ko ƴara ba a yi mashi jan tambari ba. Kibiyar ma iri biyu na karɓa, ← ga mai iya nemo ta, <- ga mai klabiye na waya.

Da na nuna masu fishiyen leksan kanshi a bango, wani yaro da ba ya cika magana ba ya ɗaga hannu ya ce Mushe an manta Répéter da Jusqu'à, kuma Jusqu'à na da apostirof, zai buɗe giyme. Gaskiya ya faɗa. Na ce to ga depo nan, filtir ɗin ma cikin Git yake, kai za ka gyara. Ya ɗora ƙa'idar Jusqu'à sama da ta giyme ya turo, na duba na jawo shi cikin /usr/local/lib/cgit/ na share kash, ya yi aiki.

Abu guda da har yanzu babu shi ne launin yare cikin diff. source-filter na fenta fishiye in ka buɗe shi sukutum, amma in komit ka buɗe don ganin mi ya sauya, cgit kore da ja kawai yake ba ka, layin da anka ƙara da wanda anka cire. Masu aikin rukuni sun fara tambaya, suna kuma son wurin da za su rubuta ma juna magana ƙarƙashin layi, wannan kuwa ya wuce aikin cgit. Na sauko da Forgejo, wanda ya ɓalle daga Gitea a 2022, shi kuma fishiye guda ne na Go, zan gwada shi gefe a wata kofa ta daban in ga ko giga 2 za su ɗauka, sai dai leksan .algo ba ya bin mu can, Chroma ba Python ba ne, sai an sake mashi wata dabara.